Ruwan da Ya Tare Ki a Ƙetaren Gashuwa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Yaya. Aminci ya tabbata a gare ki, ke da maƙwabtanki na makwanci. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga uwarsa, ina sanar da ke cewa gida lafiya, autarki Falmata da yaranta lafiya. Nguru tana nan yadda kika bar ta, sai tsufa da ya ƙara kama mu, ni da ita.

Masu karanta wannan za su yi mamakin jin ina ce wa uwata Yaya. Ke kin san dalili. Ni ne ɗanki na fari. A ɗakin kakata aka yaye ni, a ƙauyenku na ƙetaren kogin Gashuwa, na tashi ina jin ƙannenki suna ce miki Yaya, na bi bakinsu. Ke kuma har kika koma ga Allah ba ki taɓa kama sunana ba. Ina ƙarami "wancan" ne ni. Da na fara koyarwa na zama "Malamin". Idan na shigo gaishe ki sai ki juya fuska wajen bango, ko ki kama tsintar shinkafar da aka riga aka tsince, ki amsa a taƙaice. Babu wanda ya ga laifinki. Yabonki ma ake yi, ana cewa irinku masu kunyar ɗan fari sun ƙare.

Na rubuto ne a kan jikanki, babban ɗana, wanda kike ce wa Angona. Ya kusa kammala digirinsa na uku a fannin tarihi. Kundinsa a kan kogi ne, yadda mutanen Nguru da Gashuwa suke tuna ruwa kafin a gina madatsu a sama, kafin ciyawar kachalla ta cinye fadamu. Babi guda cur a kan muryarki ya gina shi. Ya kawo mini babin tun kafin azumi, ya ajiye a gefen tabarmata da hannu biyu, ya ce in duba masa wuri ɗaya in tabbatar. Ga shi har an yi babbar salla ban ce masa uffan ba. Lokacin miƙa kundin ya matso. Uwarsa kullum sai ta tambaye ni ko na karanta, ni kuwa in ce idona ne yake damuna. Idona lafiyarsa ƙalau, Yaya. Na karanta har na kusa haddacewa. Akwai kuskure a ciki, babba, kuma duk duniya ni kaɗai na rage da zan iya gane shi. Abin da ya hana ni magana shi nake so in gaya miki, tunda yanzu ba za ki juya fuska ba.

Kin tuna lokacin da na dawo daga jami'a da rikoda rataye a kafaɗa? Baƙa, mai nauyi, mai shan batir. A lokacin gani nake ni ne zan rubuta tarihin ƙasar nan daga bakin mutanenta. An koya mana yadda ake yi. Ka gaida mutum, ka faɗa masa abin da za ka yi da maganarsa, ka nemi izininsa. Kada ka tambaye shi shekara, domin bai ajiye rayuwarsa da lambobi ba. Ka tambaye shi wane ne sarki a lokacin, an yi girbi ko ba a yi ba, an haifi 'yarsa ko tukuna. Kada ka sa masa amsa a baki. Idan ya yi shiru ka ƙyale shi, domin sau da yawa abin da ka zo nema yana bayan shirun nan. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka kai shi gaban wani, ka ga ko za su haɗu. Na iya aikin nan, ba yabon kai ba. Na iya shi tun angon naki yana goye.

Na zauna da tsofaffin 'yan dako a bayan tashar jirgi, mutanen da suka ɗauki buhunan gyaɗa da na ƙaro a ka har wuyansu ya shige cikin kafaɗa. Na zauna da wani mai raƙuma da yake kawo kanwa daga arewa, wanda ya ƙi cewa komai sai da na shanye shayinsa har ya koma ruwa. Na kwana a bukkokin masunta a bakin kogi, sauro yana cina, suna jero mini shekarun ruwa da sunayen da suka ba su: shekarar da ruwa ya ci masallaci, shekarar da aka kama kifi a gonar gero. Na hau bayan akori-kura zuwa Jajimaji da Dapchi ranar kasuwa, na je har Yusufari ina fama da yashi, duk don an ce akwai wani tsoho mai labari. Wani dattijo a Gashuwa ya riƙe hannuna bayan mun gama, ya ce tunda aka haife shi babu wanda ya taɓa zama ya tambaye shi abin da ya gani. Bai sake hannun ba sai da ya raka ni har bakin titi.

Da na kai aikin, malamin da yake duba ni ya juya shafukan da yatsa ɗaya. Ya ce hira ce mai daɗi, amma ina takarda? Ina abin da Di'o ya rubuta? A wurinsa Baturen da ya kwana biyu a gari yana fama da zazzaɓi, wanda ko gaisuwa bai iya ba sai da tafinta, ya fi tsohon da aka haifa a bakin kogin cancantar zama shaida. Na gyara, ya dawo mini da shi. Na sake gyarawa, ya tafi ƙasar waje, wanda ya gaje shi ya ce in faro daga farko. Ana cikin haka mahaifina ya rasu, gida ya dawo kaina, na karɓi alli a makarantar sakandare a nan Nguru, a nan na tsufa. Kaset-kaset ɗin na ajiye su a akwatin ƙarfe a gidan kawuna a Gashuwa. Shekarar da ruwa ya shiga gari ya bi ta kansu. Da na buɗe akwatin, laka ce da tsatsa.

Yanzu ga shi abin da aka raina ni a kansa ya zama abin yayi. Ana taro a kansa a manyan otal, yara masu ƙananan shekaru suna zama daktoci da shi. Tsofaffin da ya kamata a tambaya kuwa duk suna inda kike.

Duk wannan na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya ke ce.

Ke da kika shekara da shekaru kina sayar da tuwo da miyar kifi a bakin tasha, lokacin da jirgi yake jirgi. Kin ciyar da direbobi da 'yan dako da fatake. Kin ga 'yan kudu masu sayen banda, kin ga shekarar fari da mutanen arewa suka kwararo gari da ragowar dabbobinsu. Duk wanda na yi hira da shi a tasha sai ya ce ai uwarka za ka tambaya, ta fi mu sani. Na zo miki da rikodar. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda na saba, na yi bayani kamar yadda aka koya mini. Kika dubi Falmata, autarki, tana kwance a jikinki tana wasa da awarwaronki, kika ce mata, "Ki ce wa Malamin ni ban san komai ba." Ina nan durƙushe, tsakanina da ke bai kai tsawon tabarma ba.

Falmatan nan na daɗe ina kallonta. Ita kike tsefe wa kai, ita kike ɓoye wa kan kifi. Ranar da sakamakon shigata jami'a ya fito maƙwabta suka cika gida da guɗa, ke kina bakin turmi ko ɗagowa ba ki yi ba. Ranar da ita ta sauke izu biyu, da kanki kika yanka mata kaza. Na san al'ada ce. Sani bai taɓa hana abin ciwo ba.

Na sake gwadawa, ba sau ɗaya ba. Na aiko matata da tambayoyin a baki, amma ita surukarki ce, kunyar ta ma fi yawa. Na koya wa Falmata yadda ake danna rikodar, kika ce ke ba kya magana da akwati. Daga ƙarshe na haƙura. Na gaya wa kaina cewa ke ba mai magana ba ce, haka Allah ya yi ki.

Ashe ke mai magana ce.

A shekarunki na ƙarshe angon naki yakan zo hutu ya wuce ɗakinki kai tsaye, ko takalmi bai gama cirewa ba. Ina jiyo ku ta katanga. Ki ce masa wane irin miji ne wannan, ya zo hannu rabbana ko goro babu. Ya ce tsohuwar da haƙora suka gudu suka bari me za ta yi da goro. Ki ce to ya ba ki takardarki ki auri mai mota. Ku yi ta dariya. Ban san yana ajiye wayarsa a kan filo tana ɗauka ba. Ke kin sani, domin a farkon kowace hira ana jin ya nemi izininki, kina ce masa ya ɗauka mana, ai muryarki ta fi ta 'yan matan birnin da yake bi daɗi. Bai kwana a bukka ba, sauro bai cije shi ba, bai ɗauki akwati a kafaɗa ba. Ya kishingiɗa a gadonki yana cin gyaɗarki, kika zuba masa abin da na yi rabin rayuwata ina roƙo.

Bayan sadakar arba'in ɗinki ya turo mini su duka a waya. Na daɗe ban buɗe ba. Ranar da na buɗe da hantsi ne, ina zaune a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, sai na ji wata mata da ban sani ba tana magana da muryar uwata. Tana kwaikwayon wani direban jirgi mai i'ina. Tana faɗin yadda ta kwaɗa wa ɗan dako ludayi a ka don ya lashe kwano sannan ya ce miya babu gishiri. Idan labari ya yi daɗi ta juya Badanci, ta dawo Hausa, ta zagi wani da Barbarci. Tana dariya har tari ya sarƙe ta. Duk shekaruna a duniya, Yaya, ban san haka dariyarki take ba idan ta kai ƙarshe. Farkonta na saba ji, da na yi sallama sai ta yanke.

Na yi kishi. Ba zan sa masa wani suna ba. Na yi kishin ɗan da na haifa har na kasa cin abinci ranar. Kuma da kunnen sana'ata nake sauraro, abin ya ƙara cina. Yana katse ki a tsakiyar zance don ya yi tsokana. Kina gab da faɗin abu mai nauyi ki yi shiru, maimakon ya jira sai ya cike wurin da wasa. Kika ambaci wata mata da ta haihu a cikin taragon fata, bai tambayi daga ina take ba, bai tambayi abin da ya samu jaririn ba. Ina zaune ina yi wa waya faɗa, ina cewa tambaye ta mana, masu wucewa suna gaishe ni suna waiwaye. Da ni aka ba wa damar nan da ban bar ko tsinke a ƙasa ba. Amma ba za a ba ni ba. Matsayinsa ne ya buɗe masa bakinki: shi jika ne, abokin wasa, ni kuwa ɗan fari. Wanda zai yi tambaya ma wani ne a wurin wanda ake tambaya, kuma wannan babu wanda ya koya mana shi a aji.

Na saurara ina jiran inda za ki zo kaina. Kin yi maganar Falmata, kin yi ta ƙannena da suka rasu suna ƙanana, kin yi ta akuyar da kika fara kiwo. Sau ɗaya ya ce ki ba shi labarin babansa, kika ce tunda shi ne ango ai ni surukinki ne, ke kuma ba kya gulmar suruki.

Sai hirar da ya gina babinsa a kai. Ya tambaye ki ko ruwa ya taɓa tare miki hanya. Kika ce sau ɗaya ya tare ki da kyau. Kika ce kin je ƙauyenku kai wa innarki saƙo, da niyyar ki kwana ki tsallako Gashuwa ki hau mota zuwa Nguru. Gari ya waye kogi ya cika ya batse, babu mai kwalekwalen da ya yarda ya shiga. Kika ce ba ki koma gidan innarki ba, gidan gwaggonki kika sauka a ƙarshen ƙauye, kika zauna a ɗaki ba kya fita har wata ya kusa ƙarewa. Ya tambaye ki wane lokaci ne, kika ce bazara ce, ana sharar gona. Ya tambaye ki yadda zaman ya kasance. Kika yi shiru mai tsawo, sannan kika ce, "Garin nan yara sun cika kuka. Ban taɓa jin gari mai kukan yara irinsa ba." Shi kuwa ya ce ai ke ma kin cika mita. Kuka yi dariya, aka wuce wurin.

A kan wannan ya rubuta shafuka masu yawa. Ya ce ya gano ambaliyar bazara, ruwan da ya zo ba a lokacinsa ba tun kafin a gina madatsu, abin da babu wanda ya taɓa rubutawa. Ya kawo bayanin ruwan sama a ƙasashen da kogin ya taso, ya zana taswira. Malamansa sun yaba, sun ce shi ne sabon abin da kundin ya zo da shi. Shaida ta biyu kawai ta rage masa, kuma ya san na zauna da masuntan da suka rasu tun bai yi wayo ba. Shi ya sa ya kawo mini.

Babu wannan ruwan, Yaya. Ni da ke mun sani.

Masuntan nan sun jero mini shekarun ruwa a ƙauyuka daban-daban, bakinsu ya zo ɗaya. Kaset ya lalace amma kaina bai lalace ba. A zamaninku kogin nan da bazara yashi ne, jaki yana tsallaka shi da kaya. Da ya taɓa cika a bazara da sun ba shekarar suna, da an yi wa yaran da aka haifa a cikinta laƙabi da ita. Kuma kakata, innarki, wadda ni ma take ce mini maigida tana tsokanata, ta sha ba ni labarin zuwana. Ta ce da bazara aka kawo ni yaye, duk jikina ƙurajen zafi, sai an tona rami a tsakiyar kogi ake samun ruwan da za a yi mini wanka. Ta ce ba ta taɓa yaye yaro mai kuka irina ba, na hana ƙauye sakat har wata ya kusa ƙarewa. Ta ce ke kuwa ajiye ni kika yi kika juya ko waiwaye babu, mata suka yi ta yaba miki.

Ni ne saƙon da kika kai. Al'ada ta ce uwa ta ajiye yaro ta ɓace, kada ya gan ta ya tuna nono, balle ɗan fari wanda ko a gida ba a so a kama ta tana kallonsa. Kika ajiye, kika fita ta ƙofar gida kowa yana gani, kika zagaya ƙarshen ƙauye kika shige ɗakin gwaggonki. Ban san me kika gaya wa mahaifina da kika koma ba. Amma da jikanki ya tambaye ki labarin ruwa, sai kika samu abin da za ki lulluɓe labarin da shi ki fito da shi. Na ga haka a bakin tsofaffi da yawa. Mutum idan zai ɓoye abu dalilin yake canzawa, lokaci da wuri yakan bar su yadda suke.

Ba ni da takarda. Maganar mata biyu ce, kowacce ta faɗi rabi ga jikanta cikin wasa, kuma duk kun tafi. Amma na daɗe a aikin nan, na san lokacin da baki biyu suka haɗu.

Kin ga abin da ya fi ƙona mini rai? Abu ɗaya tak da na so in ji daga gare ki a duniya, ashe kin faɗe shi. Kin faɗa wa wani, yana kishingiɗe yana ɓare gyaɗa, ya ɗauka ya kai jami'a ya mai da shi taswira. Na tashi da sanin cewa ajiye ni kika yi ko waiwaye babu. Na yi aure a haka, na yi furfura a haka, na sa ki a kabari da hannuna a haka.

Shi ya sa na zauna a kan babin. Wata zuciyar tana ce mini in bar shi ya miƙa. Ko dai cikin masu jarraba shi a samu wani tsohon malami da ya san kogin, ya wargaza masa babin a gaban jama'a, ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana. Ko kuma ya wuce, ambaliyar da ba a yi ba ta shiga littafi, ɗalibai su yi ta haddace ta. Ko wanne ya faru, ainihin labarin ya zauna nawa ni kaɗai. Shi ya samu dariyarki da waƙoƙinki da zaginki na wasa. Wannan ɗayan ba za a bar mini ba?

Juma'ar da ta wuce ya zo da kansa. Bayan an sauko daga masallaci ya same ni a zaure, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ajiye wayar a tsakaninmu. Ya yi bayanin aikinsa, ya nemi izinina, tsaf, ban sami abin gyara ba. Ya rame, Yaya. Kundin nan ya ci shi, ga mata ga yara a gidan haya suna jiran ya gama. Ya tambaye ni abin da masunta suka gaya mini a kan ruwan bazara. Da na ga wuyansa a cikin rigar na yanke zan faɗa masa, domin duk kishina ban kai in zuba ido a kunyata shi ba, ban kuma kai in bar ƙarya ta shiga tarihin kogin da na sha ba. Na buɗe baki. Na dube shi, babban ɗana, wanda ban taɓa zama da shi mun yi hirar da ta wuce ta karatu da lafiyar iyali ba. Wai shi zan gaya wa cewa uwata ta ɓuya a ɗaki tana sauraren kukana. Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Ya jira. Ya iya jira yanzu, ban san wanda ya koya masa ba. Wayar ta yi ta ɗaukar shiru har aka kira la'asar. Ya kashe ta, ya yi godiya, ya tashi.

Ashe haka abin yake daga ciki. Duk shekarun nan na ɗauka babu komai a bakinki ne idan na shigo. Ashe cika yake yi har ya ƙi buɗuwa.

Ba zan iya faɗa masa ba, kuma ba zan bar shi ya miƙa a haka ba. Shi ya sa na rubuto miki a nan inda jama'a suke karantawa, domin na san yana bin shafin nan ko da bai taɓa nuna mini ba. Ke kin saba da shi, ba kya jin nauyinsa. Ki gaya wa angon naki ya cire ambaliyar nan, babu ita. Ki ce masa kada ya jefar da babin. Ya ajiye taswirar, ya koma ya saurari hirar daga inda kika yi shiru, ya rubuta abin da zai sa mace ta cika kogi da bazara don kada a ce ta tsaya saboda ɗanta. Wannan ma tarihin kogin ne, kuma ya fi wanda ya zana. Idan yana son shaida ta biyu ya sa wannan wasiƙar, ya rubuta sunana a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, inda ake sa sunayen tsofaffin da aka tambaya. Can ne wurina, ashe. Kuma ki ja masa kunne kada ya zo yi mini godiya, kada ya tayar da zancen idan mun haɗu. Ya gaishe ni kamar kullum, in amsa kamar kullum.

Kishin bai tafi ba, kada in yi miki ƙarya. Zai zama dakta da muryarki, a tafa masa, ni ina zaure. Amma tun ranar da na gane, nakan zauna in auna tazarar gidan kaka da gidan gwaggo a raina. Ƙauyen ya tashi, yanzu duk kachalla ce, amma na tuna gidajen sarai. Gonar kuɓewa ce kawai a tsakaninsu, da dangar kara. Duk kukan da na yi kin ji shi.

Allah ya jiƙan ki, Yaya. Ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi, ya sanyaya shi. Ya haɗa ki da innarki, da gwaggon da ta rufa miki asiri har ta mutu ba ta faɗa wa kowa ba. Ya yafe miki, ya yafe mana. Abin da yake zuciyata game da yaron nan Allah ya cire mini shi, in bai cire duka ba ya rage. Ya ba shi sa'a a gaban masu jarraba shi, ya kuma sa idonsa ya kai kan wannan rubutun tun kundin yana hannunsa.

Wassalam.

Ɗanki na fari,
daga Nguru.